Falke Jatau da Akushi Goma Sha Biyu

Wannan hikaya a cikin wasu tsofaffin takardu na same ta, waɗanda kakana ya bari a gafakarsa, gara ta ci gefensu. Na karanta ta ne a makonnin da na dawo gida, lokacin da zama wuri ɗaya ke gagarata. Inda gara ta cinye kalma na cike da abin da na ga ya dace, sauran kuwa yadda na same shi haka na kawo.

An ruwaito cewa a zamanin da, a wani birni da ake kira Gamzaki, an yi wani sarki mai suna Barmo, adali ne amma mai saurin fushi. Shekara uku yana fama da gyambon ciki. In ya ci abinci, cikinsa ya ɗauki zafi kamar an zuba garwashi. In bai ci ba, ya riƙa ƙwaƙularsa kamar ɓera ya sami rumbu. Ya sha kanwa har ta gundure shi, wanzamai sun yi masa ƙaho, masu magani sun ƙure saninsu, duk a banza. Sarkin da a da yake tashi da cinyar rago shi kaɗai, ya koma sai kunu tsararo, shi ma ludayi uku.

An ce ana cikin haka sai wani ayari ya sauka a zangon bayan gari. A cikinsa akwai wani falke mai suna Jatau, ɗan garin ne, ya fita tun yana saurayi, shekara goma sha ɗaya ba a ji ɗuriyarsa ba. Ba shi da kowa sai wansa Tanko, marini, wanda ya raine shi bayan rasuwar iyayensu. Jatau bai ko kwance kaya ba ya nufi karofi, ya tarar da wansa zaune bakin ramin rini, hannu baƙi ƙirin da baba.

Tanko ya dube shi, ya sake dubansa, sannan ya ce, "Kai Auta, ashe kana da rai? Shekara goma sha ɗaya ko gaisuwa babu aike, ga shi ka dawo mana da gemu kamar bunsuru."

Jatau ya durƙusa, ya ce, "Yaya, ni gemu na ƙaro, kai kuma ina naman jikinka ya tafi? Na bar ka ingarma, na tarar da sillen kara."

Tanko ya dafe ciki yana dariya, ya ce, "Ɗan ƙwannafi ne, irin na sarki. Ka ga ko ba komai mun haɗa wani abu da manya."

Da Jatau ya ji cewa ciwo ɗaya ne ke cin wansa da sarkin garinsu, sai zuciyarsa ta yi fari, domin a cikin kayansa akwai abin da yake ganin magani ne. Washegari ya tafi fada, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, in an ba ni izini, ina da labari."

Sarki ya ce, "Faɗi."

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, a shekara ta bakwai da fitata, irin wannan ciwo ya kayar da ni a wata ƙasa mai duwatsu, ayari ya wuce ya bar ni. Wani tsoho daga mutanen kan dutse ya ɗauke ni ya kai ni bukkarsa. Ba na jin harshensa, ba ya jin nawa. Ya sassaƙo ɓawon wani itace da suke kira raɓar dutse, ya jiƙa a sabuwar tukunya har ruwan ya yi ja, yana ba ni ludayi ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Kwana arba'in na miƙe, har na ci gasasshen nama da yaji. Da zan taho ya cika mini buhu biyu, ya ƙi karɓar komai. Ga su can a zango."

Sarki ya gyara zama, ya ce, "A jiƙa yanzu."

Sai Waziri, wani dattijo mai suna Cindo, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a yi mini haƙuri in faɗi wani abu. An yi wani mutum da zazzaɓi ya kama shi a hanya, ya kwanta ƙarƙashin tsamiya, barci ya kwashe shi. Ya farka ya ji garau. Tun daga ranar duk wanda ya yi zazzaɓi sai ya ce masa, je ka inuwar tsamiya. Bai yi ƙarya ba, ya kwanta kuma ya warke. Amma da a ƙarƙashin kuka ya kwanta, da kuka zai yaba. Warkewar mutum ɗaya ba ta isa hujja ba, bakin sarki kuma ba wurin gwaji ba ne. A nemo mutum goma sha biyu masu wannan ciwo, a ajiye su a gidan baƙi, a ba su jiƙon kwana arba'in. In sun warke, sarki ya sha."

Sarki ya ce, "Waziri ya yi gaskiya. Kai kuma falke, in maganinka ya yi, na ba ka gida da sarauta a garin nan."

An ce aka yi shela kwana biyu, babu wanda ya fito, kowa na tsoron sassaƙen da ba a san asalinsa ba. A rana ta uku sai ga Tanko ya wanke hannu ya zo ƙofar fada, ya ce, "Ƙanena ne ya kawo. In guba ce, ni ya kamata ta fara ci." Da mutane suka ga haka, goma sha ɗaya suka biyo bayansa.

Aka sauke su a gidan baƙi, kowa da tabarmarsa, kowa da akushinsa. Aka sa wata tsohuwa mai suna Tabawa, wadda ta shekara talatin tana tuƙa tuwon baƙin sarki, ta riƙa yi musu abinci. Jatau ke jiƙa magani, shi ke aunawa. Kullum da hantsi Waziri ya taho da kansa, da alkyabbarsa da dogarai biyu, Jatau na biye. Sai majinyatan su zube ƙasa. Waziri ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Yaya jiki?" Kowa ya ce, "Da sauƙi, Allah ya ƙara wa Waziri lafiya." Waziri ya koma fada ya ce, "Ranka ya daɗe, goma sha biyu, duk da sauƙi." Haka aka yi kwana goma, aka yi ashirin, aka yi talatin.

Wata rana da la'asar Jatau ya sami wansa jingine da bango, ya zauna kusa da shi, ya ce, "Yaya, tsakaninka da Allah, kana jin canji? Ni dai ban ga kana cikowa ba."

Tanko ya ce, "Tun yaushe ƙwai ya fara tuhumar kaza? Na ce maka da sauƙi. Jiya ma kilishi na yi marmari, tsoron tsohuwar nan ya hana ni tambaya."

"Idonka ya yi fari, Yaya."

"Zaman inuwa ne, na saba da rana. Kai dai ka bari sarki ya sha ya warke, a ba ka gidan nan, mu yi maka aure, ka daina yawo kamar shirwa. 'Ya'yana uku ba su san fuskar baffansu ba sai bana."

Jatau ya yi dariya, ya tashi ya tafi duba tukunya, ransa a kwance.

An ruwaito cewa a rana ta talatin da bakwai, Waziri ya zo da hantsi, Tanko ya ce masa da sauƙi. Da aka kira azahar ya miƙe zai yi alwala, sai ya yi aman jini, ya faɗi kan butarsa. Aka kira Jatau, ya taho a guje, ya ɗora kan wansa bisa cinyarsa yana kiran, "Yaya! Yaya!" Tanko ya buɗe ido, ya so ya yi magana, bai iya ba. Kafin la'asar ya cika.

Labari ya isa fada. Fadawa suka shiga raɗa: wannan ba magani ba ne, guba ce mai kwantar da zafi ta yi kisa a ɓoye, abokan gaba ne suka aiko falken, har ya yarda ya sadaukar da wansa don a amince da shi. Sarki ya tuna saura kwana uku ya sha, fushinsa ya tashi. Bayan an dawo daga jana'iza aka kawo Jatau gabansa a ɗaure.

Sarki ya ce, "Ga tambayata, kowa ya ji. Mutum ya yi kwana talatin da bakwai kullum yana samun sauƙi, sannan ya mutu da ciwon da ake cewa ya yi sauƙi. Ina sauƙin ya tafi? Na ba da kwana uku. In an sami amsa wadda ta wanke falken nan, ya tsira. In ba a samu ba, hauni ya tafi da shi. Kai falke, me za ka ce?"

Jatau bai ɗaga kai ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, da hannuna na auna masa. In an kashe ni ma an rage mini."

Rana ta fari wasu suka ce sammu ne. Sarki ya ce a nuna masa mai sammun, aka rasa. Rana ta biyu wasu suka ce ajali ne. Sarki ya ce, "Ajali na san shi, ba shi na tambaya ba." Rana ta uku fada ta cika, hauni na tsaye, sai aka ji hayaniya a ƙofa. Tabawa ce, ɗauke da akusa goma sha biyu a babban kwando, dogari na tare ta, tana cewa, "Matsa mini, ɗan nan, sau biyu ka kore ni, yau kam sai dai ka taka ni."

Sarki ya ce a bar ta. Ta sauke kwando, ta durƙusa, ta ce, "Zaki, Allah ya ja kwana. Ni jahila ce, muciya kaɗai na sani. Amma in an yarda in ba da labarin mijina, wataƙila a ga amsa a ciki."

Sarki ya ce, "Muna ji, Iya."

Ta ce, "Mijina Nomau mai haƙar rijiya ne. Shekararmu huɗu da aure ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Duk wanda ya zo dubiya ya ce masa da sauƙi. Ni ma in na tambaya, da sauƙi. In na kai masa tuwo in fita, in dawo in tarar akushi wayam, in yi hamdala. Sai aka aiko ƙanwata ta haihu a wani ƙauye, tafiyar yini guda. Ya ce, je ki mana, ba ki ga na warware ba? Na tafi suna. Na kwana biyu na dawo, tun daga bakin gari na ga mutane na kau da kai. An binne shi tun jiya. Ina kuka ina cewa ai da sauƙi na bar shi, sai uwarsa ta kama hannuna ta kai ni bayan ɗakinsa, ƙarƙashin taga. Ta ce, 'yar nan, dubi kajin gidan nan. Na duba, ranka ya daɗe, sun yi ƙiba kamar agwagi. Ta ce, tuwon mijinki ne. Ta ce, bakin majinyaci na masu dubiya ne, wanda ke son gaskiyarsa sai ya bi sawun abincinsa. Tun daga ranar ban ƙara kai wa mara lafiya abinci na kau da ido ba."

Sai ta jera akusan a gaban sarki, ta ce, "Kowane na san mai shi. Waɗannan bakwai, kafin kwana ashirin sun fara dawowa a suɗe, har ana neman ƙari. Waɗannan uku, rabi ake ci tun farko har yau. Wannan na tsoho Gambo ne, kullum cinsa raguwa yake. Wannan kuwa," ta ɗaga wani mai tsaga a baki, "na Tanko ne. Tun kwana na goma sha biyar ya daina ci. Sai ya tura tuwon gefe guda, ya danne, ya lailaye da hannu, don a ga kamar an ci rabi. Amma ni na tuƙa, ni na malmala, na san nauyin malmalata. Sauƙin bai tafi ko'ina ba, Zaki. Da ma bai zo ba."

Sarki ya ce, "Me ya hana ki faɗa tun da wuri?"

Ta ce, "Na faɗa wa dogarin ƙofa sau biyu. Ya ce Waziri ya ji daga bakinsu, ke wace ce? Sai na yi shiru. Wannan shirun da shi za a binne ni."

Sarki ya sa aka ɗauko tsoho Gambo, aka zaunar da shi. Ya ce masa, "Baba, ba gaishe ka nake ba, tambayarka nake, kuma na haɗa ka da Allah. Me kake ji a cikinka?"

Tsoho ya dubi dama, ya dubi hagu, hawaye suka zubo masa. Ya ce, "Wuta, ranka ya daɗe. Bayan gidana ma baƙi ne kamar kwalli, ya kai wata guda."

"To, don me kullum kake cewa da sauƙi?"

"Ranka ya daɗe, muna cin tuwonka, muna kwana kan tabarmarka, Waziri da girmansa ya tako ya gaishe mu. Da wane baki zan ce masa babu sauƙi? Ai rashin kunya ne, kuma kada Allah ya ga ban gode ba. Sau ɗaya na yi niyyar faɗa, marigayi ya riƙe mini riga. Tabarmarsa na kusa da tawa. Ya ce, Baba Gambo, ka rufa mini asiri, saura kaɗan a cika arba'in. In aka ce maganin bai yi ba, yaron nan zai ji kunyar gari, ya ɗaura kaya ya sake tafiya, ni kuwa ba ni da wata shekara goma sha ɗaya ta jira."

An ce da Jatau ya ji wannan, sai ya kifa fuska a ƙasa, ya yi wani kuka wanda ya sa har hauni ya juya baya. 

Waziri Cindo ya sauko daga mazauninsa, ya faɗi gaban sarki, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, laifin nawa ne. Kwana talatin da bakwai ina gaisuwa, na ɗauka bincike nake. Da na san halin da marinin nan ke ciki, da an dakatar an nemi wata dabara tun da sauran lokaci. A kwance falke, in akwai wanda za a ɗaure, ga ni."

Sarki ya ce, "A kwance shi. Ni ma in ka tambaye ni jiki, Waziri, da sauƙi nake ce maka. Tashi. Yanzu ina mafita?"

Waziri ya ce, "A sake gwaji, amma a gyara. Bakwai ɗin da suka murmure, ba mu sani ba ko jiƙon ne, ko kuwa tuwon Iya ne sau uku a rana, ga hutu, abin da ba su samu a gidajensu. A kawo mutum ashirin, a ciyar da su daidai wa daida. Goma a ba su jiƙon, goma a ba su ruwan da aka rina ja da karan dafi. Kada su san wa ke shan me. Kada Iya ma ta sani, don tausayi kada ya karkatar mata da ido. Ita dai ta duba akushi."

Tabawa ta ce, "A ƙara sharaɗi biyu, ranka ya daɗe. Ni zan zauna a gabansu har su gama ci, saboda kaji. Kuma duk wanda akushinsa ya dawo cike kwana uku, ko aka ga alamar jini, a cire shi nan take, ko da ya rantse da sauƙi yake."

Haka aka yi. Jatau ya ci gaba da jiƙawa da aunawa, ba ya magana da kowa. Da kwana arba'in suka cika, Tabawa ta ware akusan da ke dawowa a suɗe, Waziri ya faɗi abin da kowa ya sha. Cikin goman da suka sha jiƙon, takwas sun murmure. Cikin goman ruwan karan dafi, uku kacal. Aka ba sauran majinyatan jiƙon na gaskiya. Aka gane cewa sassaƙen yana amfani ga wanda gyambonsa bai kai ga zubar da jini ba, wanda ya kai kuwa ya fi ƙarfinsa. Tsoho Gambo aka yi ta jinyarsa da kunu har wata biyu, sannan ya rasu, amma ya rasu 'ya'yansa na kewaye da shi, sun san halin da yake ciki, sun yi sallama.

Sarki, da yake nasa bai kai ga jini ba, ya sha. Tabawa ta zauna gabansa shi ma tana duban akushinsa, ba kunya ba tsoro, har ranar da ya nemi ƙari. Ya ba ta gida da gona, ya naɗa ta shugabar masu jinya na gari, ya kafa doka cewa ba za a ƙara yanke hukunci kan wani magani ba sai an ji ta bakin wadda ke dafa wa majinyaci.

Sannan ya kira Jatau ya ce, "Na yi maka alkawarin gida da sarauta, ga su."

Jatau ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, na gode. A bar sarautar. Gida kuma akwai wanda Yaya ya bari, da marayu uku a ciki. Nan zan zauna."

An ruwaito cewa ya sayar da jakunansa, ya koyi rini a ramin wansa har hannunsa ya yi baƙi, ya aurar da 'ya'yan nan uku ɗaya bayan ɗaya. Duk shekara in ayari zai tashi, sai a gan shi a bakin zango yana kallo har na ƙarshe ya ɓace, sannan ya juyo gida. Bai ƙara ƙetare ganuwar Gamzaki ba har ya mutu.

Masu hikima suka ce, gaisuwa tana da wurinta, kuma ado ce ga mai yin ta, amma wanda ke neman sanin ko magani ya yi, kada ya nemi amsa a wurin wanda kunya da ƙauna suka ɗaure wa baki. In kana da wanda kake so yana kwance, kada ka tsaya a bakin ƙofa ka tambaya ka wuce. Shiga ka zauna har ya gama cin abinci. Abin da ya ɓuya bayan wannan, Allah ne ya bar wa kansa sani.